Jika 40 a kan akwati: dalilin da ya sa ban ɗaga hannu ba

Ranar Alhamis da ta wuce, a zaman kwamitin shirya swaren ƙarshen shekara, aka ce duk wanda ya yarda a cire jika 40 daga kuɗin karo-karo a sayo akwatin kayan dabo ya ɗaga hannu. Mu goma sha ɗaya ne a zaune. Hannu goma ya tashi. Nawa yana bisa gwiwata, riƙe da dala ashirin ɗin nan da ba ta rabuwa da ni. Aka ba ni minti biyu in faɗi dalili. Ban kai ko rabi ba wani kamarad ya katse ni, ya ce hassada ce kawai, wai don ni kaɗai na iya ɗan abin nan da kuɗin ƙarfe shi ya sa ba ni son kowa ya iya. Aka kwashe da dariya. Ni ma na yi yaƙe, amma ta ciki na ciki.

To, tunda minti biyu bai isa ba, ga takarda. Ma'aji bai fidda kuɗin ba tukuna, sai an sake zama. Wanda zai karanta ya karanta kafin lokacin.

Dabo iri biyu ne, kuma rashin rarrabe su shi ya kawo mu nan. Akwai wanda asirinsa ke cikin kayan. An riga an haɗa shi tun a masana'anta, kai naka kawai ka danna ko ka ja. Karta ce da rabinta duk iri ɗaya ne, an ɗan aske musu kai don kada su fito in ana buɗawa. Kuɗin ƙarfe ne mai kwasfa da ke haɗiye ɗan'uwansa. Akwati ne mai gindi biyu. Babban yatsa ne na roba da ake ɗorawa bisa na gaske a cusa ɗan hankici ciki. Wannan shi nake kira dabon kaya, kuma shi ne cike da akwatin da ake son saye. Sai kuma wanda kayansa ba su san komai ba: kartar da aka gama wasa da ita a fada, kuɗin da ka ara wurin mai shayi, ƙwallon aduwa da ka tsinta a ƙasa. Duk abin da ya faru, yatsunka ne suka yi shi. Shi ne dabon hannu.

Na fara ganinsa ina ɗan shekara goma sha uku, a kasuwar Tasawa, lokacin hutu wurin kakata. Wani tsoho ne ya shimfiɗa buhu a ƙasa, ya kife gwangwanin tumatir uku, ya ajiye ƙwallon aduwa uku. Ya naɗe hannun rigarsa har gwiwar hannu. Mutane sun kewaye shi ta ko'ina, har da wani yaro da ya rataye a kafaɗarsa yana leƙe. Ƙwallo ya shiga wannan gwangwani ya fito a wancan, uku suka haɗu wuri guda, suka sake watsewa. Da ya ɗaga gwangwanayen a ƙarshe, sai ga albasa ƴar Galmi a ƙarƙashin ɗaya, lemun tsami a na biyu, ƙwan zabo a na uku. Wata mai fura ta ce a ba ta gwangwanin ta gani. Ya miƙa mata duka ukun, ya ce in tana so ta tafi da su gida ta auna gero.

Kasuwa uku na yi ina bin tsohon nan, ina sayo mishi goro da kuɗin da aka ba ni na ƙosai. A ta ukun na ce, "Baba, don Allah saurin hannun nan za ka koya mini." Ya dube ni ya ce, "Ɗan lakwal, wane sauri? Hannuna bai ruɗe ka ba, idona ka bi." Sannan ya sake yi a hankali, kamar mai tsintar tsakuwa a shinkafa, kuma duk da haka ban gani ba. Abin da ya ba ni ke nan, da yadda ake maƙale kuɗi a tsakiyar tafi hannu yana buɗe. Sauran ni na nema.

Wata takwas na yi kafin dala ashirin ta zauna a tafina ba tare da yatsuna sun sandare kamar na wanda kunama ta harba ba. Madubina na kabu-kabu ne da ya fashe. Abokin ɗakina har ya yi rantsuwa in ya sake jin ƙarar kuɗi a siminti bayan sha biyun dare zai jefa ni waje tare da katifata. Yanzu ina iya riƙe bik in rubuta darasi, in sha shayi, in gaisa da mutum da ɗaya hannun, kuɗin na nan. Ban faɗi wannan don a yaba mini ba. Na faɗa ne don ku san abin da ake cewa ina hassada a kai: abu ne da duk mai yatsu zai iya samu kyauta, in ya yarda ya ɓata dare.

Yanzu bari in tuna muku bara, tunda kamar an manta. Abokinmu da ya hau dandamali da yatsan roba, ba zan kama suna ba, ya karanta wannan kuma ya yarda in faɗa. Yatsan da aka aiko mishi fari ne tas, mai ɗan ja-ja, don fatar annasara aka yi shi. Ya shafa mishi man goge takalmi har ya yi kama da nasa. Watan Afrilu ne, zafi ya haura 40, kuran ya ɗauke, fanka ta tsaya. Ya cusa farin hankici ya ɓace, aka tafa. Da ya fito da shi sai ga baƙin tabo kamar an share gindin tukunya. Gumi ya jiƙa yatsan, ya suɓuce, ya gangara ƙarƙashin tabul. Wani ƙanen ɗaliba ya rarrafa ya ɗauko, ya ɗaga sama yana ihu, "Ga yatsanshi! Ga yatsanshi!"

Dariyar ba ta dame ni ba, kowa yana faɗuwa. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne fuskarsa bayan nan. Ya tsaya da hannu biyu a sake, babu abin da zai yi na gaba, domin duk abin da ya mallaka yana hannun yaron can. Ni ma kuɗi ya sha suɓuce mini a gaban mutane. Sai in duƙa in ɗauka, in yi kamar na miƙa wa na kusa, ya buɗe hannu ya ga wayam, in ciro shi a bayan kunnensa. Faɗuwar ta shige cikin wasan, wasu ma su ɗauka da gangan na yi.

Kuma kada a ce don kayanmu na arha ne. A watan Maris na 1918, a wani gidan wasa na unguwar Wood Green a Landan, an harbe wani shahararren ɗan dabo a kan dandamali. Sunansa na wasa Chung Ling Soo, yana shigar mutanen Sin, alhali Ba'amurke ne mai suna William Robinson. Wasansa shi ne a harbe shi ya cafe harsashi da faranti. An gyara bindigar ta yadda albarushin da ke tashi na wani ƙaramin bututu ne a ƙarƙashi, harsashin gaske ya zauna inda yake. Shekara da shekaru ƙarfe yana cinyewa, har albarushi ya samu hanyar zurarewa, ranar nan duka biyu suka tashi. Washegari ya mutu. Mutum ne da ya san sana'arsa ciki da bai, amma ya damƙa ransa ga wani ɗan ƙarfe da ba ya ganin cikinsa.

Na biyu, ku dubi inda muke wasa. Kayan nan an ƙera su ne don zauren da masu kallo ke zaune gaba ɗaya a gefe guda, nesa, fitila na haska abin da ake so a gani. Ko kuma don kyamara, wadda ido ɗaya gare ta kuma ba ta miƙa hannu. Bidiyon tallar da aka yi ta zagayawa da shi a salula ranar Alhamis, kun lura daga kusurwa ɗaya aka ɗauke shi tun farko har ƙarshe? Mu fa ba mu da labule. A fada mutum yana bayanka, wani yana bisa katanga, yaro yana ƙarƙashin hammatarka. Kuma mu mutane ne masu cewa "kawo in gani". In babban mutum ya ce maka, "Yaro, miƙo kartar nan in taɓa," da wane baki za ka ce a'a? Kartar da aka aske ba ta shiga hannun kowa. Kuɗin da ke cikin akwatin kuwa rabin dalar Amurka ne. Ka ciro baƙon kuɗi irin wannan a Maraɗi ko Damagaram, tun ba ka buɗe baki ba kowa ya san wanda za a tuhuma.

Amma babban dalilina wani akwati ne dabam, wanda ya girmi kakannin kakanninmu.

Jean-Eugène Robert-Houdin mai gyaran agogo ne daga garin Blois na Faransa, an haife shi a 1805. A 1845 ya buɗe gidan wasansa a Paris, kuma har yau ana kiransa uban dabon zamani. Cikin kayansa akwai wani ɗan akwatin katako da ƙaramin yaro zai iya ɗagawa. A gindinsa akwai farantin ƙarfe a ɓoye, ƙarƙashin daɓen dandamali kuma akwai maganaɗisu na lantarki, irin wanda muka zana a darasin fizik. In aka kunna, ko ƙato ba ya motsa shi. A Paris yana nuna shi ne a matsayin akwatin da ke kare kansa daga ɓarawo. Mutane su yi dariya, su tafa, su koma gida.

A 1856 hukumar mulkin mallaka ta Aljeriya ta kira shi. Faransa ta shiga Alje tun 1830, Amir Abdulƙadir ya ajiye makami a 1847, amma ƙasa ba ta kwanta ba, kuma masu mulki suna ganin malamai da shehunai ne ke zuga mutane da abubuwan al'ajabi da suke nunawa. Wani kanal mai suna de Neveu ya ga cewa maganin abin shi ne a kawo wanda zai nuna al'ajabin Faransa ya fi. A ƙarshen Oktoba aka tara shugabannin ƙabilu a gidan wasa na Alje. Robert-Houdin da kansa ya ba da labarin a littafin tarihin rayuwarsa da ya fito a 1858. Ya kira wani ƙaƙƙarfa daga cikin masu kallo, ya sa shi ya ɗaga akwatin, ya ɗaga ba wuya. Sai ya ce mishi yanzu zai zare mishi ƙarfinsa. Mutumin ya ja, ya ja, akwati ko gezau. Da ya sake kamawa aka sakar mishi lantarki ta mariƙin, ya yi ƙara, ya fita da gudu.

Ku tsaya a nan kaɗan. Akwatin bai canza ba, waya ɗaya ce, maganaɗisu ɗaya. Maganar da aka ɗora a kai ce ta canza. A Paris an ce wa mutane ga akwati mai wayo. A Alje an ce wa Balarabe ga mutumin da zai iya shiga jikinka ya kwashe ƙarfinka. Kuma me mutumin nan zai yi? Da da hannu aka ruɗe shi, yana da hannu shi ma, zai iya komawa gida ya gwada, wata rana ya gane. Amma abin da ya kayar da shi yana ƙarƙashin daɓe, an shigo da shi ta jirgin ruwa daga inda ba zai taɓa zuwa ba. Kada in yi wa mutumin ƙarya: gwani ne a hannu shi ma, kuma a wani ƙauye da ya je bayan haka da yatsunsa ya musanya harsashin dalma da na kakin zuma. Ya kuma rubuta cewa daga baya an sa tafintoci sun bayyana wa shugabannin cewa fasaha ce. Sai dai bayanin ya zo bayan tsoron ya gama aikinsa. Abin da akwati bai gama ba kuwa soja ne suka gama shi a tsaunukan Kabiliya a 1857. Mu nan ko akwatin ba a wahalar da kai an kawo mana ba. Mutanen Birnin Ƙonni sun san abin da Voulet da Chanoine suka zo da shi a 1899.

Duk lokacin da na ga hoton akwatin nan namu na jika 40, da rubutun da ba mu iya karantawa a jikinsa, wannan nake tunawa. Za mu biya kuɗinmu a aiko mana da al'ajabi a kwali, mu tsaya gaban ƙannenmu mu danna, ba mu san wa ya ƙera ba, ba mu iya gyarawa in ya lalace.

Na san amsoshin, an jefe ni da wasu a zaman. Bari in ɗauke su yadda suke, ba zan rage musu nauyi ba.

An ce hannu ma ai yana cuta. Gaskiya ne, ya ma fi iyawa. Masu karta uku na bakin tasha da ke wanke matafiya ba su da wani kayan haɗi, yatsu ne zalla. Littafin da ƴan dabon karta suka fi girmamawa, wanda wani da ya kira kansa Erdnase ya buga a Shikago a 1902, rabinsa na farko koyar da maguɗi a teburin caca ne. Akwai ma wani tsohon zane da ake danganta wa Bosch, na wajen shekara ta 1500, inda ɗan dabo ke wasan kofuna, mai kallo ya saki baki, wani a bayansa yana zare mishi jakar kuɗi. Saboda haka ban ce hannu waliyyi ba ne.

An ce manyan gwanaye ma suna amfani da kayan haɗi. Wannan ma haka ne. Houdini, wanda ya aro sunansa daga Robert-Houdin ɗin nan, yana alfahari cewa babu dabon da zai gani sau uku bai gane ba. Wani matashi ɗan Kanada, Dai Vernon, ya sa shi ya yi alama a karta, ya cusa ta ƙarƙashin ta sama, ta dawo sama, ya yi ta maimaitawa har aka wuce ukun nesa ba kusa ba, Houdini bai gane ba. Masu sana'ar suna cewa akwai wata karta mai baya biyu a cikin aikin. To amma wane ne Vernon? Mutumin da ya haddace littafin Erdnase tun yana yaro, wanda ya yi tafiya har wani ƙaramin gari a jihar Misuri don kawai ya ga ɗan cacar da ke iya zaro karta daga tsakiyar tari, wanda ya kai shekara 98 yana juya karta. Karta ɗaya ta haɗi a hannun irin wannan kamar gishiri ce a miya. Mu kuma so muke mu sayo buhun gishiri mu ce mun yi girki.

Amsar da ta fi ƙarfi ita ce ta wata ƴar'uwa da ke zaune kusa da ƙofa. Ta ce mai kallo ina ruwansa da yadda aka yi, shi dai ya ga abin mamaki. Na kwana ina juya maganarta. A minti ɗaya na wasan, tana da gaskiya. Amma wasa ba ya ƙarewa da tafi. Mutane za su kewaye ka bayan an tashi, su tambaye ka, "Kai, yaya ka yi?" Ni ina da amsa da ba ta rage ni da komai: dabara ce, wata takwas na yi ina koyo, in kana so zo in nuna maka farkonta. Ko na gaya mishi a tafina kuɗin yake, gobe zai sake kallo ya sake rasa shi. Mai dabon kaya fa? In ya ce dabara ce, jika 40 muka saya, me ya rage mishi? Asirin shi ne duk jarinsa. Dole ya tsare shi, kuma hanya mafi sauƙi ta tsare shi a ƙasarmu kun san ta. Ka yi shiru, ka ɗan lumshe ido, ka bar mutane su ce yana da aljanu. Ba zargi nake ba. A zaman nan na ji da kunnena ana shawarar baƙar alkyabba da turaren wuta, wai don abin ya yi armashi.

Wannan shi ne wurin da abin ya daina zama wasa gare ni. Mijin gwaggona ya sayar da wakensa na shekara guda, jika 300, ya kai wa wani baƙo da ya sauka a garinsu da akwatin da ke ninka kuɗi. An gwada mishi da jika ɗaya ta zama biyu, a gabansa. Aka ce ya kawo babba, ya rufe, kada ya buɗe sai bayan kwana uku. Da ya buɗe, yankakkun takardun kaye ne. Akwatin yana nan a ɗakin gwaggo tana zuba allura da zare, na duba shi da kaina, gindi biyu gare shi. Cikin jerin kayan da za mu saya akwai ɗan injin da ake sa farar takarda ta fito kuɗi. In an gama sware, a ɗakin wa zai kwana?

Wasu ƴan'uwa sun ce a bar duka biyun, dabo dabo ne, sihiri ne. Fatawa ta malamai ce, na bar musu. Abu biyu kawai zan ajiye. Wasu malaman tafsiri sun ce igiyoyi da sandunan matsafan Fir'auna, a ƙissar Annabi Musa (AS), zaiba aka ɗura musu, zafi ya sa suka yi ta motsi kamar macizai. In haka ne, kun ga wane iri ne cikin biyun. Sannan tun ƙarni na 13 wani mutumin Damaskus, al-Jaubari, ya rubuta littafi guda yana tona dabarun masu da'awar annabci na ƙarya, da shehunan bogi, da masu cewa suna mai da ƙarfe zinariya. Sanin yadda ake rufa ido shi ne rigakafin wanda za a rufe wa. Da mijin gwaggona ya taɓa riƙe akwati mai gindi biyu sau ɗaya a rayuwarsa, da wakensa bai tafi ba.

Kuma kada wani ya fita da cewa ni maƙiyin na'ura ne. A Bagadaza, a ƙarni na 9, ƴan'uwa uku da ake kira Banu Musa sun rubuta Kitab al-Hiyal, mai ɗauke da na'urori kusan 100, har da butocin da ke zuba ruwa iri-iri daga baki guda da fitilar da ke gyara lagwaninta da kanta. Ina cire musu hula. Su suka zauna suka lissafa, suka ƙera. Robert-Houdin ma shi ya haɗa akwatinsa. Faɗana da mai saye ne. Muna da ƴan fizik a cikinmu, muna da maƙeran da ke mai da tsohon ƙarfe akwati, irin na Katako a Yamai, nan ma ba mu rasa su ba. In suna son na'ura su naɗa waya a ƙarfe, su nemo batirin mota, su ƙera akwatin 1856. Ni zan ɗauko musu wayar a kai. Sharaɗina ɗaya ne: in ƙaton ajinmu ya gama ja ya kasa, a kife akwatin a gaban kowa, a nuna farantin, a ba da labarin Alje.

Saura maganar lokaci, cewa jarrabawa ta matso, wa ke da wata takwas? Babu wanda ya ce sai kun yi takwas. Mako bakwai ya rage, kuma wasan gwangwani uku, a sauƙaƙensa, yana shiga hannu a ƙasa da haka in mutum ya ba shi rabin awa kowane dare, abin da bai kai lokacin da muke jiran shayi na biyu ba. Wanda kuma ya ce hannunsa ba na wannan aiki ba ne, ya nemi bidiyon René Lavand a intanet. Ɗan Ajantina ne, an haife shi a 1928, mota ta raba shi da hannunsa na dama yana shekara 9. Duk littattafan karta don mai hannu biyu aka rubuta su, sai ya ƙirƙiro nasa hanyoyin da hagu kaɗai. Abin da aka san shi da shi shi ne ya yi dabo, ya sake yi a hankali, ya sake rage gudu, har ka ji kunyar idonka. Ya rasu a 2015. Ranar da na fara ganinsa tsohon Tasawa na tuna.

Ga abin da zan kawo ranar Alhamis. A sayi karta ta kasuwa guda shida da madubi biyu, duka ba za su kai jika 5 ba. A ba ƴan fizik jika 10 in sun yarda da sharaɗin. Sauran a bar shi a asusu, ko ba komai fotokofin wannan ɗan littafi da kuke riƙe da shi bashi muka ci muka yi. A daren kuma, duk wanda zai hau ya fara da gaya wa mutane cewa abin da za su gani dabara ce ta ɗan Adam, babu aljani ko ɗaya a ciki.

Kamarad da ya ce hassada nake, kai na fara gayyata. Kullum bayan sallar isha ina fadarmu ta bayan ɗakunan kwana, ba na karɓar ko dala. Ka zo da gwangwanin tumatir uku masu girma ɗaya, da ƙwallon aduwa huɗu. E, huɗu, ka ga har na fara ba ka asirin. Ka daddanne bakin gwangwanin da dutse kafin ka zo, na farkon da na yi aiki da shi sai da ya tsaga mini yatsa.